An Samu Sauƙi, An Dawo Gida, Sai Kuma Me? Tambayoyinku Kan Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Wasiƙun da suka taru a wannan fili kusan duk bakinsu ɗaya: an kai mara lafiya asibiti, hankali ya dawo, an sallamo shi, amma gida bai san abin yi ba. Likitocin ƙwaƙwalwa da ma'aikatan jinya da ke amsa mana tambayoyi sun zaɓi shida. Mun cire sunaye, mun taƙaita dogayen wasiƙu. Sunayen magunguna mun bar su yadda suke a jikin kwali don a gane su, ba don wani ya je kemis ya saya wa kansa ba.

Tambaya: Ɗana tela ne, shekararsa 24. Bara ya fara jin muryoyi, yana cewa ana bin sa za a kashe shi. An kwantar da shi mako shida aka sallamo shi. Wata takwas ke nan ba surutai, ba faɗa, amma a ɗaki yake wuni, ko shago bai koma ba. Likita na cewa ya samu sauƙi, ni kuwa ban ga ɗana na da ba. Wannan ita ce warkewar? Daga wata uwa, Kano.

Amsa: Hajiya, Allah Ya ƙara masa lafiya. Ke da likitan kowa da gaskiyarsa, abin da kuke dubawa ne ya bambanta. Shi alamomin ciwon yake dubawa: muryoyin sun tafi, zargin mutane ya kwanta, barci ya daidaita. Ke kuwa yaron kike dubawa, da kekensa da abokansa da fara'arsa. A da, asibitocin ƙwaƙwalwa a kan na farkon suke tsayawa. Daga baya su kansu masu ciwon, musamman a Amurka da Ingila, suka riƙa cewa kwantar da alamomi kaɗai bai ishe su ba. A 1993 wani masani na Jami'ar Boston, William Anthony, ya bayyana murmurewa a matsayin mutum ya koma rayuwa mai gamsarwa, yana da fata, yana amfanar jama'a, ko da ciwon bai bar shi gaba ɗaya ba. A kan wannan ake aiki yanzu. In ana son sanin inda majinyaci ya kai, sai a tambaya: yana shiga mutane? Akwai abin da yake sa rai a kai gobe? Tela yake ɗaukar kansa, ko kuwa "mara lafiya" kawai? Ana jin ta bakinsa kan maganinsa da kuɗinsa? Da wannan awo, ɗanki ya yi nisa, amma da saura.

Kuma ba baƙon tunani ba ne a ƙasar nan. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da majinyata a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya. Da rana su je asibiti a yi musu magani, da yamma su koma cikin jama'a.

Zaman ɗakin nan yana da dalilai, sai an tantance wanne ne kafin a san abin yi. A fara da maganin. Ki lura da tafiyarsa: hannuwansa na lilo kamar na kowa, ko a sandare suke? Fuskarsa ta daskare? Yawu na zuba? Barcinsa na wuce awa 12? Ki miƙa masa allura da zare ki ga ko yatsun na rawa. Telan da ya kasa zura zare a gaban yaran shago ba zai so komawa ba, kuma ba zai gaya miki dalili ba. In haka ne, gyaran na hannun likita: a rage yawan maganin, a mai da shi na dare, ko a canza wani.

In ba maganin ba ne, a duba ciwon damuwa. Yakan biyo bayan irin wannan larura, daidai lokacin da hankali ya dawo mutum ya fara tuna abin da ya yi a titi, da wanda ya ɗaure shi, da wanda ya yi dariya. Lokaci ne mai hatsari, domin a cikinsa wasu ke tunanin halaka kansu, alhali 'yan gida sun saki jiki tunda an daina ihu. Akwai kuma mutuwar zuciya da ke cikin ciwon kansa, mutum ya rasa sha'awa da kuzari, magana ma sai da ƙyar. Ba lalaci ba ne, kuma ƙwaya ba ta cika taɓa ta ba. Aiki da mu'amala ne ke rage ta a hankali. Sai wanda iyaye mata ba su cika son ji ba, wato gidan kansa. "Bari, kar ka ɗauka." "Zauna, ƙanenka zai je." Tausayi ne, amma wata takwas na irin wannan ya isa ya koya wa saurayi cewa ba shi da sauran amfani.

Ga yadda masu koya wa majinyata komawa aiki ke yi. A tsayar da lokacin tashi ɗaya kullum, ya yi wanka ya canza kaya ko da ba inda za shi. Salla ɗaya a masallaci tare da ɗan'uwa, bayan mako a ƙara ɗaya. Tattaki na minti 20 zuwa 30 da la'asar. Shago kuma awa ɗaya, kwana uku a mako, a ba shi aikin da ba zai ba shi kunya ba: guga, sa maɓalli, kalmasa bakin zane. Bayan mako biyu a mai da shi awa biyu. A biya shi, kuɗin kuma su shiga aljihunsa. Kada a jira wai sai ya warke sarai. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna waɗanda aka sa a aiki na gaske tun da wuri, ana tallafa musu, sun fi samun aikin yi a kan waɗanda aka daɗe ana cewa ana shirya su. Inda abin ke ɓaci shi ne gaggawa. Da an ga ya yi mako uku lafiya, sai mai shago ya jibga masa ɗinkin Salla, a kwana ana taka keke, alhali rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Bana dai kwanan shago ba nasa ba ne.

Tambaya: Ƙanena ya yi wata biyar yana shan magani, ya dawo ras. Yanzu ya ce ya warke, ƙiba da kasala kawai maganin ke sa shi. Mutane kuma na cewa maganin asibiti in ka fara ba ka rabuwa da shi. Har yaushe zai sha? Daga wani malamin makaranta, Zariya.

Amsa: Malam, wata biyar ya yi kaɗan. Wanda jin muryoyi ko ruɗewar tunani ya sama karon farko, ƙa'ida ita ce ya ci gaba da magani aƙalla shekara ɗaya bayan alamomin sun tafi, likitoci da yawa ma sukan kai shi biyu. Wanda ciwon ya taso masa sau biyu ko uku, maganarsa ta shekaru ce, kamar mai hawan jini. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2012, wanda ya tattara gwaje-gwaje 65, ya nuna cewa cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kusan 64 cikin 100 na waɗanda aka cire wa magani, a waɗanda suka ci gaba kuwa 27 cikin 100.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne ciwon ba ya dawowa washegari. A makonnin farko ma mutum jin daɗin jikinsa yake, nauyin ya tafi, sai kowa ya ce ai ga shi nan, da ma maganin ne ke kashe masa jiki. Sai bayan wata biyu, ko huɗu, ko shida abin ya taso, lokacin an manta da zancen magani, a ce sabon jifa ne. Kowane tashi kuma da abin da yake tafiya da shi, aiki ko aure ko karatu, kuma sau da yawa na biyu ya fi na farko wuyar kwantawa.

Magungunan wannan ciwo, irin su haloperidol, chlorpromazine, risperidone da olanzapine, ba sa sa maye, jiki ba ya neman ƙari. Waɗanda ake tsoro su ne diazepam, wanda na ɗan lokaci ne kawai, da benzhexol, wanda matasa suka sani da Exol. Shi ana bayar da shi ne don sandarewar jiki da rawar hannu da wasu magungunan ke kawowa. In gidan akwai samari, a ajiye shi inda ake kullewa.

Amma ƙorafin ƙanenka gaskiya ne, kada a share shi. Majinyacin da aka ƙi saurara ba ya gardama, sai dai ya riƙa ɓoye ƙwayar a kumatu ya tofar a banɗaki. Olanzapine na buɗe ciki sosai, yana iya jawo ciwon suga, don haka a riƙa hawa sikeli duk wata, a auna suga lokaci-lokaci, a rage lemon kwalba. Risperidone kan tsayar wa mace al'ada ko ya kawo ruwan nono, ga namiji kuma rashin ƙarfin gaba, abin da ba a cika faɗa ba sai likita ya tambaya a keɓe. Haloperidol kan murɗe wuya, ko idanu su kafe sama, ko harshe ya fito, musamman a kwanakin farko. Abin ban tsoro ne, har wasu su ce aljanu ne suka tashi, amma akwai maganin da ke warware shi cikin ɗan lokaci. Wani kuma kasa zama yake wuri ɗaya, ƙafafu na ta motsi, sai a zaci ciwon ne ya ƙaru a ƙara magani, alhali ragewa ake buƙata. Guda ɗaya ne ba ya jira: zazzaɓi mai zafi haɗe da sandarewar jiki da ruɗewa. Wannan a dakatar da maganin, a garzaya asibiti nan take.

Ku koma wajen likitan tare, shi ya yi bayani da bakinsa. Ana iya ragewa, ana iya canzawa, akwai kuma allura irin su fluphenazine da ake yi sau ɗaya duk mako biyu zuwa huɗu, wadda ke raba gida da rigimar "ka sha ko ba ka sha ba". In kuɗi ne matsalar, ku faɗa. Tsofaffin magungunan sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma gara su kullum da mai tsada ana sha ana tsallakewa. In an manta na jiya, ba a haɗa biyu yau. Batun azumi, a ga likita kafin a ga wata. Yawancin magungunan ana iya mai da su tsakanin buɗa-baki da sahur, amma mai shan lithium ya yi hattara, domin ƙarancin ruwa a jiki na iya mai da shi guba. In lokacin dainawa ya yi, a hankali ake ragewa cikin watanni, likita na lura.

Tambaya: Yayata tana magana ita kaɗai tana dariya. Kawunmu ya ce aikin aljanu ne, ruƙiyya za a yi, in abin ya ƙi a kai ta gidan mari. Ni asibiti nake so. Dole sai an zaɓi ɗaya? Daga wata ɗaliba, Sakkwato.

Amsa: 'Yar'uwa, ba dole ba ne, kuma kada ki shiga musu da kawu kan aljanu, ba za ki yi nasara ba, mara lafiyar ce za ta yi asarar lokaci. Asibiti bai hana addu'a ko tofi ko karatun Alƙur'ani ba, majinyata da yawa da su suke samun natsuwa. An ma gwada haɗin gwiwar. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun haɗa ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu maganin gargajiya da na addini a Ibadan da Kumasi ta Ghana, ma'aikacin lafiya na zuwa yana duba majinyata yana ba su magani a can inda suke. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna waɗanda suka samu kulawar ɓangarorin biyu sun fi samun sauƙi.

Abin da za ki roƙa shi ne a fara da asibiti, ruƙiyya ta tafi tare. Ba duk ruɗewa ce taɓin ƙwaƙwalwa ba. Maleriyar da ta hau kai, sanƙarau, taifot, wani nau'in farfaɗiya da shaye-shaye duk suna sa surutai, wasunsu kuma suna kisa cikin kwanaki. In akwai zazzaɓi, sanƙarewar wuya, jijjiga, ko ba ta gane inda take, asibiti mafi kusa za a nufa ba ɓata lokaci. Sannan gwargwadon daɗewar ciwon ba magani, gwargwadon wuyar murmurewa. Wanda aka kawo cikin makonni ba ɗaya yake da wanda aka shekara biyu ana yawo da shi ba. Kuna kusa da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Akwai irinsa a Barnawa ta Kaduna da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa.

Duk mai ruƙiyyar da za a kira, a gindaya masa sharaɗi: ba duka, ba shaƙewa, ba turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, ba hana abinci, ba kaɗaicewa da ita, ba kuma cewa a ajiye magani. Malamin kirki ba zai ƙi ko ɗaya ba.

Gidan mari kuwa, a'a. Ba a manta da Satumbar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, wasu da tabon duka. Mari na cin ƙafa har ya zama gyambo. Mafi muni, wanda aka ɗaure ba ya ƙara yarda da wanda ya ɗaure shi, alhali da wannan yardar ake shan magani. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta haramta cin zarafin majinyaci da azabtar da shi.

Tambaya: Yayana ya samu sauƙi amma ba ya taɓuka komai. Mahaifinmu kullum cikin yi masa faɗa yake, wai sangarta ce. Sau biyu ciwon na tashi. Laifinmu ne? Daga wani matashi, Katsina.

Amsa: Iyali ba su ke haddasa wannan ciwo ba, ka cire wannan a ranka. Amma yanayin gida na da hannu a tashinsa. Tun shekarun 1960 da 1970 George Brown da abokan bincikensa a Landan suka lura cewa majinyatan da suka koma gidajen da ake yawan suka da tsangwama, ko ake shige musu fiye da kima, dawowar ciwonsu cikin wata tara ta ninka ta sauran fiye da sau biyu. Shi ya sa zama da iyali ya zama ɓangaren magani. Ku roƙi likita ko nas su zauna da Baba. Abin da ba zai karɓa daga bakinka ba, yana iya karɓa daga nasu.

A gida kuma, mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, buƙata ɗaya, a gajarce. "Tashi ka yi wanka, ga ruwa can" ya fi "kai kullum haka kake". Kada a yi zancensa a gabansa kamar ba ya wurin. In ya faɗi abin da ba haka ba, misali an sa masa guba, kada a ƙaryata shi da zafi, kada kuma a gaskata shi. A ce, "Ni ban ga haka ba, amma na ga hankalinka a tashe yake."

Sannan ku zauna da shi yanzu da yake lafiya, ku rubuta takarda ɗaya. Me ya fara canzawa kafin tashin nan biyu? Kowane majinyaci da irin nasa, kuma kusan abu ɗaya yake maimaitawa: wani barci ke ƙaurace masa dare biyu ko uku a jere, wani ya daina cin abincin gida, wani ya toshe taga, wani ya fara kashe kuɗi da dogon wa'azi. Yawanci akwai tazarar kwanaki zuwa makonni kaɗan kafin abin ya fito fili, a wannan tazarar ake shan gabansa. A ƙasan alamomin a rubuta sunan maganinsa da yawansa, lambar katin asibiti, wa yake so ya raka shi, wa ba ya so a kira. In alamomi biyu sun bayyana, a je asibiti cikin kwana biyu, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. Ka kuma bincika cikin sirri ko yana taɓa wiwi ko tiramadol. Wiwi na dawo da ciwon ko ana shan magani, tiramadol kuwa har jijjiga yake sawa.

Tambaya: An ce ina da ciwon damuwa, an ba ni amitriptyline, an kuma ce in riƙa zuwa ana tattaunawa da ni. Kwana goma ke nan, sai bushewar baki da barci. Surutu ne zai warkar da ni? Daga wata ma'aikaciya, Jos.

Amsa: Bushewar baki da barci da taurin bayan gida su ke fara zuwa, amfanin na biyo baya: mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi, wajen mako shida kafin a yanke hukunci ko ya yi aiki. Ki sha da dare, ki yawaita ruwa, ki riƙa miƙewa tsaye a hankali saboda jiri. Bayan kin warware, ki ci gaba aƙalla wata shida. Ki ba wani amintacce ajiyar kwalin, na mako guda kawai ya zauna a hannunki, a kuma nisanta shi da yara, domin yawansa na da hatsari. In kin taɓa yin kwanaki kina jin ƙarfi fiye da kima, ba barci ba gajiya, ki gaya wa likita, saboda maganin damuwa shi kaɗai na iya tayar da wannan.

Tattaunawar ba hira ba ce, aiki ne mai tsari, galibi zama 6 zuwa 12. Za a sa ki zayyana matsalolinki, ki ɗauki ɗaya da ke da mafita, ku jero hanyoyi, ki zaɓi ɗaya ki gwada kafin zama na gaba. Za a kuma sa ki koma ƙananan abubuwan da kika bari, ziyara, kitso, girkin da kike so, tun kafin sha'awarsu ta dawo, domin a ciwon damuwa sai an fara yi sannan sha'awar ke biyowa. A Zimbabwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna yin irin wannan zama shida a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, gwajin da aka buga a 2016 kuma ya nuna ya rage ciwon sosai. A ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, irin wannan horo ga ma'aikatan ƙananan asibitoci ne zai kai ga yawancin jama'a, kuma tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɓullo da shiri a kai.

In tunanin gara mutuwa ya zo miki, ki gaya wa likitan da wani na kusa a ranar. 'Yan'uwa kuma su sani, tambayar mutum kai tsaye ko yana wannan tunani ba ta cusa masa shi.

Tambaya: Na yi ciwon shekara uku da suka wuce, ina shan magani, ina kasuwancina lafiya. Ina neman aure. In faɗa mata? 'Ya'yana za su gada? Daga wani ɗan kasuwa, Bauci.

Amsa: Ka faɗa, kafin a sa rana. Ba sai a zuwan farko ba, ba kuma sai duk dangi sun ji ba, amma ita da waliyyinta su sani. In aka ɓoye, abin da ya fi faruwa shi ne ango ya daina shan magani don kada amarya ta ga kwalin, ga hidimar biki da rashin barci, sai ciwon ya tashi a watannin farko, a haɗa masa da zargin yaudara. Ka faɗi abin da ya faru, da maganin da kake sha, da shekarun da ka yi lafiya, ka gayyace ta ku ga likitanka ta yi tambayoyinta. Masu cewa "a yi masa aure zai warke" kuma su ji, aure ba ya maye gurbin magani.

Gado akwai shi, amma ba yadda ake zuzutawa ba. A ciwon sikizofireniya, wanda ke zuwa da jin muryoyi da ruɗewar tunani, misali, kusan mutum 1 cikin 100 ke kamuwa a cikin jama'a. In ɗaya daga cikin iyaye na da shi, yakan kai kusan 10 cikin 100, wato tara cikin goma ba sa kamuwa. Hatsarin na ƙaruwa in ciwon na ɓangarorin biyu, don haka in auren zumunci ne kuma akwai shi a dangi, ku tattauna da likita tukuna. A makon biki, ka sa wani aboki ya riƙa tabbatar da ka sha maganinka ka kuma kwanta da wuri, ko da 'yan zaman ango ba su watse ba.